WA YA AIKE SU? HARAJIN INGILA DA ƘARYAR TSADAR MULKIN MALLAKA

Akwai wata magana da masu wanke Turawan Ingila suka daɗe suna yayatawa, har wasu 'yan boko na nan gida suka haddace ta ba tare da sun tauna ba. Wai mulkin mallaka ɗawainiya ce Ingila ta ɗaukar wa kanta. Wai ta yi ta zubar da dukiyarta wajen tsare ƙasashen da ta mamaye, tana biyan soja da gwamnoni da alƙalai, saboda haka in ta ce a kawo haraji ba ta nemi komai ba illa ladan wahalarta. Babbar hujjar da suke kafawa kuwa ita ce labarin Amurka. Suna cewa Turawan da suka yi kaka-gida a yankuna 13 na gabar Amurka butulci suka yi, Ingila ta ci bashi ta kore musu Faransa, da aka ce su kawo ɗan abin da ya sauƙaƙa sai suka ɗaga tutar tawaye.

Masu wannan magana suna da alƙaluma, kuma ba na ƙarya ba ne. Yaƙin Shekara Bakwai, wanda aka gwabza daga 1756 zuwa 1763, ya ɗaga bashin da ke kan gwamnatin Ingila daga kimanin fam miliyan 75 zuwa wajen fam miliyan 130. Kuɗin ruwa kaɗai yana lashe sama da fam miliyan 4 duk shekara. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a lokacin mutumin Ingila yana biyan harajin kusan sule 26 a shekara, alhali ɗan uwansa na yankin Massachusetts sule ɗaya yake biya. To, in ji su, ina zaluncin yake?

Amsar tana cikin tambayar da ba sa son a yi: ina aka kai kuɗin, kuma wa ya ci ribar yaƙin?

Yaƙin nan ba a Amurka kaɗai aka yi shi ba. Kokawa ce tsakanin manyan 'yan fashi biyu, Ingila da Faransa, a kan wa zai wawashe duniya. Daga 1758 Ingila tana ba Sarki Frederick na Furushiya fam 670,000 kowace shekara don ya riƙe mata Faransa a Turai, tana kuma ciyar da runduna a Jamus don kare Hanover, ƙasar gadon gidan sarautar Ingila. A wannan shekara ta 1758 jiragen ruwanta suka ƙwace Saint-Louis da tsibirin Gore a gabar Senegal, wuraren cinikin ƙaro da bayi. Ta kama tsibiran rake na Faransa a yankin Karebiyan, a 1762 ta kama Havana da Manila daga hannun Sifaniya, a Indiya kuma kamfaninta ya fatattaki Faransawa. Duk wannan yana cikin bashin da aka ce na kare Amurka ne. Attajiran Landan da Bristol da Liverpool su suka kwashi ganima, masu ba gwamnati rance suka zauna suna karɓar kuɗin ruwa, sannan aka juyo ana neman wanda za a ɗora wa jakar bashin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi kansa talakan Ingila mai biyan sule 26 ɗin abin tausayi ne, don kuwa a 1763 da aka sa haraji a kan giyar tuffa da manoman yammacin ƙasar ke yi, sai da tarzoma ta ɓarke. Masanin tattalin arzikin nan Adam Smith ya faɗa musu a littafinsa na 1776 cewa daular tasu 'yan kasuwa ke cin moriyarta, jama'ar ƙasa ke biyan kuɗin riƙonta.

Sai batun soja. Bayan yarjejeniyar Faris ta 1763 Faransa ta sallama Kanada ta tattara komatsanta. Amma gwamnatin Landan ta yanke shawarar girke soja 10,000 a Amurka, abin da ya riƙa cin sama da fam 300,000 a shekara. Soja dubu goma don tsoron wa? Lokacin da Faransa ke bakin ƙofa ba a taɓa ajiye runduna irin wannan a zaman lafiya ba, sai da ta tafi. Aikinsu shi ne danne Faransawan Kanada da aka ci da yaƙi, da tsare ƙasar da aka ƙwace daga 'yan asalin nahiyar, da kuma samar wa hafsoshi 'ya'yan manya abin yi, don kada a rushe rundunoninsu su koma gida su zama ƙaya ga gwamnati. Wannan shi ne abin da ake kira tsadar mulki: kuɗin sayen igiya, kuma wanda za a ɗaure shi ake so ya biya.

Kuma ƙarya ce a ce mazauna Amurka ba sa biyan komai kafin nan. Dokokin jiragen ruwa da aka soma kafawa tun 1651 sun tilasta musu kai tabarsu da sauran manyan amfanin gonarsu Ingila tukuna, ko da mai saye yana wata ƙasa, don dillalin Landan ya ciri nasa. Dokar 1699 ta hana su fitar da kayan ulu, ta 1732 ta hana su fitar da huluna, ta 1750 ta hana su kafa sababbin masana'antun sarrafa ƙarfe. Su noma, su haƙo, su aika ɗanye, a sarrafa a Ingila a dawo musu da shi da tsada. Duk wanda ya san tarihin gyaɗar Kano da audugar Funtuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin wannan tsari.

Firayim Minista George Grenville shi ya buɗe ƙofar fitina. A 1764 ya kawo Dokar Sukari, wadda ta rage harajin ruwan rake mai kauri daga sisi zuwa taro a kan kowane galan, amma da niyyar a karɓe shi da ƙarfi, kuma wanda aka zarga da fasa-ƙwauri a gurfanar da shi gaban kotun sojan ruwa, inda babu mutanen garinsu da za su taya alƙali yanke hukunci. A watan Maris na 1765 ya biyo da Dokar Kan Sarki. Jarida, takardar kotu, takardar cinikin fili, lasisi, har karta, duk sai an buga musu hatimin gwamnati da aka biya da tsabar kuɗin Ingila, kuɗin da ke da wuyar samu a can. Abin da ake sa ran tarawa fam 60,000 ne a shekara. Da mutanen suka ce ba su da wakili ko ɗaya a majalisar da ta yanka musu wannan haraji, sai aka ba su amsar raini. Wai ai kowane ɗan majalisa wakilin daular ce baki ɗaya, wai garuruwan Manchester da Birmingham ma ba su da kujera. Wato tunda ana zaluntar na gida, na waje ya yi haƙuri. Wannan fa majalisa ce da wani kufai mai suna Old Sarum, wanda kusan ba kowa a cikinsa, yake aika mata wakilai biyu.

Jama'a ba su tsaya rubuta koke kawai ba. A watan Agusta na 1765 mutanen Boston suka rataye mutum-mutumin jami'in da aka naɗa ya sayar da hatimin, suka kuma ragargaza gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson. A Oktoba wakilan yankuna tara suka haɗu a New York. Amma abin da ya karya gwamnati shi ne ƙaurace wa kayan Ingila. Da aljihun attajiran Landan ya ji zafi, su da kansu suka garzaya majalisa, aka soke dokar a watan Maris na 1766. A rana guda kuma majalisar ta zartar da wata doka mai cewa tana da ikon yi wa yankunan doka a kan kowane al'amari. An janye hannu daga aljihu, an bar ƙafa a kan wuya.

Abin da ya faru a 1767 shi ya fi tona asirin masu kukan tsada. A farkon shekarar 'yan majalisa, waɗanda yawancinsu masu manyan gonaki ne, suka rage wa kansu harajin ƙasa daga sule huɗu zuwa sule uku a kan kowace fam, baitulmali ya yi asarar dubban ɗaruruwan fam. Ƙasar da ake cewa bashi ya yi mata katutu ke nan! Bayan 'yan watanni ministan kuɗi Charles Townshend ya ɗora wa Amurka haraji a kan gilashi da darma da fenti da takarda da ganyen shayi, yana fatan samun fam 40,000. Kuma me za a yi da kuɗin? Za a riƙa biyan gwamnoni da alƙalai albashi kai tsaye, don kada su ƙara dogara da majalisun yankuna da suka saba riƙe musu albashi in sun yi ba daidai ba. Ma'ana mutum ya biya kuɗin da za a yi amfani da shi a raba shi da ɗan ikon da ya rage masa. Da aka ƙi, sai aka turo soja Boston a 1768, ranar 5 ga Maris, 1770 suka buɗe wuta suka kashe mutum biyar. Cikin waɗanda suka faɗi har da Crispus Attucks, mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasar. Aka soke sauran harajin aka bar taro a kan kowace laba ta shayi, don kawai a nuna cewa ikon yana nan.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata, domin labarin shayin nan ba a Boston ya fara ba, kuma masu ba da tarihin Amurka sukan tsallake wannan shafi da sauri.

A shekarar 1765, shekarar da aka yi ta kururuwa a kan fam 60,000 na Dokar Kan Sarki, Robert Clive ya tilasta wa Sarkin Mugal Shah Alam na Biyu ya miƙa wa Kamfanin Gabashin Indiya ikon tara harajin Bangal da Bihar da Orisa. Haraji ne na miliyoyin fam, daga miliyoyin manoma da ba wanda ya tambaye su, kuma ba wanda ya yi ko da wasan kwaikwayon cewa suna da wakili. Daga 1767 kamfanin ya riƙa ba gwamnatin Ingila fam 400,000 duk shekara a matsayin nata kason. A 1770 yunwa ta auka wa Bangal ta kashe miliyoyin mutane, ma'aikatan kamfanin da kansu suka ƙiyasta cewa kashi ɗaya cikin uku na jama'a sun hallaka. Shin an ɗaga wa waɗanda suka rage ƙafa? Warren Hastings, wanda ya zama gwamnan Bangal, ya rubuta wa shugabannin kamfanin a 1772 cewa harajin da aka tara a 1771 ya ma ɗara na 1768, wato na kafin yunwar. An tatsi masu rai har da kason matattu.

Duk da wannan ta'asa, sata da almubazzarancin ma'aikata suka kai kamfanin bakin durƙushewa, ga shayi laba miliyan goma sha wani abu jibge a rumbunansa ba mai saye. Gwamnati ta ranta masa fam miliyan 1.4 a 1773, ta kuma yi dokar da ta ba shi damar kai shayin Amurka kai tsaye ya karya farashin kowa, tare da taron harajin nan a kansa. Wannan shi ne shayin da mutanen Boston suka zubar a teku ranar 16 ga Disamba, 1773, akwati 342. Ashe harajin da aka ce na tsare daula ne ya zama hanyar ceto kamfanin da 'yan majalisa da yawa suke da hannun jari a cikinsa.

Saura kuma sananne ne. Aka rufe tashar jiragen Boston a 1774, bindiga ta tashi a Lexington ranar 19 ga Afrilu, 1775, aka shelanta 'yanci ranar 4 ga Yuli, 1776, Janar Cornwallis ya miƙa wuya a Yorktown a 1781, Ingila ta sa hannu a 1783. Bashin da aka ce ana son ragewa ya tashi ya doshi fam miliyan 250. Garin neman gira aka rasa ido.

Sai dai kada wani ya ɗauka cewa tunda Ingila azzaluma ce, to jagororin Amurka waliyyai ne. Laifi tudu ne. Masu kukan cewa karɓar sule ɗaya ba da yardar mutum ba bauta ce, su ne ke riƙe da bayi kusan rabin miliyan, wato mutum ɗaya cikin biyar na mazauna yankunan, waɗanda aka kwaso daga Afirka, cikinsu har da Musulmi masu karatu irin su Ayuba Sulaiman Diallo na ƙasar Bundu da aka sayar a Maryland a 1731. Bawa ba a karɓar masa kashi goma ko ashirin na guminsa, duka ake kwashewa, har da 'ya'yansa. Thomas Jefferson da ya tsara takardar 'yancin ya mallaki mutane sama da 600 a tsawon rayuwarsa. Ruwan raken da aka yi ta rigima a kan harajinsa, barasa ake dafawa da shi a Rhode Island a kawo gabar Afirka a musanya da mutane. Wani babban dalilin fushinsu da ba a cika faɗa ba shi ne shelar Oktoba 1763, wadda ta hana su tsallake duwatsun Appalachia su mamaye ƙasar 'yan asali, alhali George Washington da ire-irensa sun riga sun zuba jari a filayen can. Su 'yan asalin kuwa ba su ga alheri daga kowane ɓangare ba. A 1763 ɗin nan, lokacin yaƙin Pontiac, jami'an sansanin Fort Pitt suka ba wakilansu barguna daga ɗakin masu cutar agana da gangan. Da mulki ya dawo hannun 'yan tawayen, suka sa harajin barasa a 1791, manoman yammacin Pennsylvania suka ƙi biya, Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000 a 1794 ya nufe su. Talaka ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

To wane darasi Ingila ta koya? A 1778, yaƙi yana ci, majalisarta ta yi doka cewa ba za ta ƙara sa wa yankunanta na Amurka ta Arewa da tsibiran Karebiyan haraji don tara kuɗin shiga ba. Daga baya Turawan Kanada da Ostireliya da New Zealand suka samu majalisunsu masu ikon aljihunsu. Wato ta gane cewa farar fata mai bindiga ba a taɓa masa aljihu sai da yardarsa. Ga sauran bayin Allah kuwa sai ta ƙara ɗaure ɗamara. Cornwallis ɗin da ya sha kashi a Yorktown, shi aka naɗa Gwamna Janar na Indiya a 1786, shi ya kafa tsarin harajin ƙasa na dindindin a Bangal a 1793. Indiya ta biya albashin sojan da ya danne ta, ta biya fanshon Turawan da suka mulke ta bayan sun koma gida, ta biya haraji har a kan gishirin miya, abin da ya sa Gandhi ya yi tattakinsa na 1930.

A Afirka ƙa'idar a bayyane take: kowace ƙasa ta ɗauki nauyin mulkin da aka ƙaƙaba mata. A Saliyo Gwamna Cardew ya sa sule biyar a kan kowace bukka a 1898, Bai Bureh da jama'a suka tashi, aka ƙona garuruwa, aka rataye mutum kusan ɗari. A ƙasar Hausa, bayan an ci Kano a Fabrairu da Sakkwato a Maris na 1903, Gwamna Lugga ya tsaya ya shaida wa manyan Sakkwato cewa ikon sa haraji ya koma hannun Ingila tunda ita ta ci yaƙi. Bai ɓata lokaci da zancen wakilci ba. Dokar 1906 ta tattara kuɗin ƙasa da sauran tsofaffin haraji ta mayar da su abu guda, sarakuna da hakimai da dagatai suka zama masu tarawa, gwamnatin Nasara tana ɗaukar kasonta daga sama. Kashin dankali sosai, babba a kan ƙarami, Bature yana can gidansa na bayan gari hannunsa tsaf, dagaci ne ke shan tsinuwa. Aka matsa sai da tsabar kuɗin Bature za a biya maimakon wuri ko dawa, don manomi ya rasa mafita sai noman gyaɗa da auduga da kamfanonin Ingila ke jira a tashar jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911. Ko a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 masu tara haraji ba su daina yawo ba.

Masu wanke Turawa sukan yi tsalle a nan su ce ai Arewa gibi take yi, Landan ke cike mata da tallafi duk shekara. Haka ne, an ba da tallafin. Amma kaso mai tsoka na kuɗin da ake kashewa a shekarun farko soja ne da albashin Turawa, wato kuɗin cin ƙasar da riƙe ta. Wa ya aike su? Wace wasiƙa mutanen Burmi suka rubuta suna roƙon a zo a harbe su a 1903, balle a kawo musu lissafin harsashi? Kuma tallafin ma bai daɗe ba baitulmalin Ingila ya gaji. Babban dalilin haɗe Arewa da Kudu a 1914 shi ne a cike gibin da kuɗin kwastan na Kudu, wanda babban ɓangarensa daga harajin barasar da ake shigowa da ita daga Turai yake fitowa. Da aka kai harajin kai lardunan Gabas a 1928, mata suka fito a 1929 a yankin Aba da Opobo saboda jin cewa su ma za a ƙidaya su, soja suka harbe sama da 50. Mutum biyar na Boston suna cikin littattafan makarantun duniya, waɗannan mata kuwa sai mai bincike ke sanin adadinsu.

Bature ya sauke tutarsa a 1960 ya bar rasit ɗin haraji a hannun waɗanda ya horar. Magidanci ya ci gaba da ɓuya a rumbu in ya ji ɗan doka, Bafillace ya ci gaba da kora shanunsa daji in lokacin jangali ya zo, ana ɗaure wanda ya kasa biya a rana a ƙofar hakimi. A Kano da Kaduna sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, shekara 201 bayan majalisar Ingila ta yafe wa Turawan Amurka nasu.